Alwalar Iya a Gindin Lemo

Na tsufa yanzu, gwiwoyina sun gaji da ɗaukata, amma har yau in na ji ƙamshin lemon tsami sai in tuna Iya, kakata ta wajen uba. A gidanmu na karkarar Minjibir akwai bishiyar lemo a bayan ɗakinta. Ba a ɗebo wa bishiyar ruwa daga rijiya. A gindinta Iya ke alwala, abin da ya zuba shi ne rabonta. Da lemon ake tsinka mana kunun gyaɗa, a matsa a kwaɗon rama, ganyen kuma a dafa wa mai zazzaɓi.

Shekarar da damina ta ƙi, rijiya ta ja baya, Baba ya ce a sare bishiyar a huta, ko itacen girki a samu. Iya ba ta iya musa masa kai tsaye, don shi ne ɗanta na farko, ko sunansa ba ta kamawa. Bayan mun ci tuwo muna kewaye da wutar kara, Baba na jiyo mu daga gindin rumbu, sai Iya ta ɗauko tatsuniya ta ce, "Ga ta nan tafe, ku ba ta wuri." Muka ce ta iso mu ji ta.

Wai lemo ne ya kai kuka gun sarkin itatuwa: kowa ya ɗanɗana shi sai ya yamutsa fuska, dabino kuwa ana ta washe masa baki. Sarki ya ce, "Koma gida ka yi haƙuri. Ranar da ciwo ya kwantar da mutum, bakinsa ya ƙi zuma, kai za a aiko nema." Iya ta tura kara a wuta. "Mai tsami ba a sonsa sai an kwanta," ta ce. "Ta ƙare a kan ɓera. Ku tashi, bayana ya ƙage."

Baba bai sake zancen gatari ba. Bishiyar ta ga wata damina, Iya ce ba ta gani ba. A jinyarta kunun lemon kaɗai take iya haɗiya.

A lokacin na ɗauka zancen itace take yi. Yau ni ne mai tsamin baki a gidan, jikoki na gudun faɗana, kuma na gaji ƙwarai. Jiya babban ɗana ya durƙusa ya ce, "Baba, bishiyar nan ta tare wurin sabon rumbu."

Na ce, "In kun dawo daga kai ni makwancina, ku sare. Ba za ku daɗe kuna jira ba."

Na ɗauki butata na lallaɓa gindinta.