Malam Haladu Mai Ƙirga Gaɓoɓi

Tsoro idan ya daɗe a gari, mutane kan daina bincike kafin su yanke hukunci. Ina ganin wannan aibi ya fi tsoron kansa illa, domin maƙwabci yake fara ci.

Malam Haladu ɗan Moriki ne, amma a Maraɗi ya yi ƙuruciya wurin kawunsa, can ya koyi Faransanci. Da ya dawo, ya riƙa koyar da shi a wata sakandare. Ƙa'idarsa ita ce ba a furta kalma sai an raba ta gaɓa-gaɓa: baƙin da ke tsakanin wasula biyu ya bi na gabansa, baƙin ƙarshe kuma sau da yawa a bar shi shiru. Kowace gaɓa yakan lanƙwasa mata yatsa.

Saboda hayaniyar gida, bayan la'asar yakan tsaya bakin gonar gero yana shirya darasin gobe, leɓe na motsi, yatsu na lanƙwashewa. A shekarar da hare-hare suka tsananta, aka fara raɗe-raɗin cewa gidaje yake ƙirga wa 'yan bindiga.

Wata Laraba matasan da ke gadin gari suka kewaye shi da gorori. Labbo, shugabansu, ya ce, "Malam, mi kaka ƙirga kullum, huska ga daji?"

"Gaɓoɓin kalma, ɗana."

"To ƙirga muna mu ji."

Ya buɗe baki, harshe ya ƙi. Ya san waɗanda aka tafi da su bisa irin wannan zargi ba su dawo ba. Shirun kuma ya ƙara tabbatar musu da zatonsu.

Sai Turai mai fura, da ke wucewa, ta sauke ƙwarya. "Labbo, ka ji kunya. Ɗiyata ajinai take. Ko daka takai, haka nan taka saran kalmomin nan, sho-ko-la, sho-ko-la, har ta ishe mu. In ƙirga laihi na, ku hwara da gidana."

Wasu suka yi dariya, aka sake shi, ba wanda ya ba shi haƙuri.

Tun daga ranar bai sake shiga aji ba. Ya kwashe iyalinsa zuwa Ƙauran Namoda, inda yake awon hatsi a kasuwa. Ko fataken Nijar sun yi masa Faransanci, da Hausa yake amsa musu.