Malamin Angile Da Na Kira Ɗan Rahoton Duwan

Assalamu alaikum. A shekarar da Najeriya ta rufe iyakarta, har manyan motoci suka yi ta kwana a hanyar Ɗan Isa, ina koyar da Alƙur'ani a wata lakwal, wato makarantar boko, mai zaman kanta a unguwar Zariya, nan Maraɗi. Na haura hamsin a lokacin. Ban yi boko ba, allo na yi, da ajami nake rubutu, wannan wasiƙar ma sai da aka juya mini ita. Yawancin ɗalibanmu ƴaƴan alhazai ne ƴan kasuwa, wasu iyayen ma a hannuna suka yi sauka. Idan na faɗi magana ba mai sake bincike. Da wannan yardar na yi ɓarnar da zan ba ku labari.

Alhazan ne suka matsa a koya wa ƴan aji biyar da shida angile, wato Ingilishi, tunda rabin cinikinsu da Kano da Katsina ne. Aka ɗauko wani saurayi ɗan Tsibiri wanda ya yi karatu a Katsina, kullum a kan wani tsohon babur yake zuwa. Shi ba ya cika tabulo, allon bango, da kalmomi ya ce a haddace. Sai ya ce kowane yaro ya ɗauki kayensa, littafin rubutu ke nan, ya shiga shagon babansa ko mangaza, wato ɗakin ajiyar kaya, ya kwafo kalmomi goma daga jikin kwalaye da buhuna: na sabulu, na madara, na taliya, na maganin sauro. Da safe su karanta, ya fassara musu, su gina jimla da su. Yara suka so abin ƙwarai. Ƴata da ke aji shida har tsokanata take yi, wai shekara nawa ina shan shayin gwangwani ban san abin da aka rubuta a jikinsa ba.

Sai dai lokacin ba na buɗe mangaza ba ne. Kaya ta hanyoyin daji suke shigowa, kowa ya ja bakinsa game da abin da ya ajiye. Wata rana ina wucewa ta tagar ajinsa na ji yana tambayar wata yarinya inda ta ga kwalin da ta kwafo, kuma guda nawa ne, ta faɗa da angile. Daga ranar na sa masa ido. Na lura duk Juma'a yana tattara kayen yaran, ya ɗaure a bayan babur ya tafi da su. Wani ya ce mini ya gan shi yana gaisawa da wani ma'aikacin duwan, wato kwastan, a hanyar Tsibiri, har da dariya. Ana cikin haka ya same ni, cikin ladabi, ya ce Baba Malam, in koya masa ajami, don yaran da suka fito daga allo sun fi riƙe lafazin kalma idan sun rubuta shi da ajami a gefe. Na ce masa to. A raina kuwa cewa na yi ga ƙarshen hujja, domin da ajami alhazai ke rubuta wa direbobinsu saƙo, shi yake so ya riƙa karantawa.

Ba a yi sati uku ba duwan suka dira mangazar wani babban Alhaji mai ƴaƴa uku a lakwal ɗinmu, suka kwashe kaya. Bayan la'asar alhazai suka taru a ƙofar gidansa jaje, ana ta tambayar wa ya kai rahoto. Ba wanda ya ambaci malamin, ni na ambace shi. Na jero abin da na gani ɗaya bayan ɗaya: kwalaye, ƙirge, kayen Juma'a, gaisuwar hanya, ajami. Wani dattijo mai sayar da yadi ya yi dariya, ya ce yaron da ke ɗaure takalminsa da waya, in da duwan na biyansa ai da ya sayi sabo. Na ce wannan shi ne ɓad-da-kamar. Alhajin ya tambaye ni ko na tabbata. Na ce ban gani da idona ba, amma zuciyata ba ta saba yi mini ƙarya ba. Allah Ya gafarta mini wannan kalma.

Bayan kwana biyu daraktan lakwal ya sallami malamin. Abin da har yau ke hana ni sukuni shi ne, wurina ya zo neman ceto. Ya durƙusa ya ce Baba Malam, kai kaɗai suke jin maganarka, ka gaya musu kalmomi kawai nake koyarwa, kayen kuma gyara su nake yi a gida, mutumin duwan ɗin tare muka yi firamare. Na dube shi na ce ya yi haƙuri, Allah Yana tare da mai gaskiya. Ya yi mini godiya ya tafi. Babu lakwal ɗin da ta sake ɗaukarsa a Maraɗi. A Tsibiri ƴan kabu-kabu in ya wuce sai su ƙame su sara masa, suna kiransa shef, kamar wani babba a duwan. Daga baya na ji ya koma Jiratawa yana aiki a lambun kawunsa.

Bayan kamar shekara guda direban Alhajin ya yi faɗa da maigidansa, ya faɗa a gaban mutane cewa shi ya kai rahoton, kuma ko gobe zai sake. Alhajin da kansa ya ba ni labari yana dariya. Na tambaye shi, to malamin fa? Ya ce ai wannan ya wuce, Malam. A wurinsa ya wuce, ni kuwa shekara biyu na ƙara ina istigfari ina sadaka, alhali ni ke koya wa yara cewa haƙƙin mutum ba ya faɗuwa sai mai shi ya yafe. Kunya ce ta riƙe ni, da tsoron a ce Malam ya yi ƙarya.

Wata Asabar na hau kabu-kabu zuwa Jiratawa. Na same shi cikin zogale yana ban ruwa, ya rame, ya yi baƙi. Ya shimfiɗa mini buhu, ya kawo ruwa. Da na fara magana ya ce ya sani, tun watan farko aka gaya masa ni ne. Bai ɗaga murya ba. Ya tambaye ni a gaban mutum nawa na faɗi maganar. Na ce sun kai goma sha biyar. Ya ce to nan daga shi sai zogale, kuma zogale bai taɓa zarginsa ba. Ya ce mahaifiyarsa ta daina zuwa biki da suna a Tsibiri saboda habaici. In yafiya nake so, in koma inda na ɗaura in kwance.

Na koma. Bayan la'asar na tsaya a ƙofar gidan Alhajin na ce zato na yi, na sa masa rigar shaida, na cuci bawan Allah. Alhajin ya ce na tsawaita, na ce ban kai tsawon shekara uku ba. Ranar Juma'a kuma na je Tsibiri, na faɗi haka a masallacin unguwarsu, mahaifiyarsa tana ji daga zaure.

Ƴan'uwa, musamman waɗanda ake jin maganarsu, ku ji tsoron Allah game da abin da ba ku gane ba. Ban san yadda ake koyar da wani harshe ba, maimakon in tambaya sai na yi hukunci, kuma kowane abu na gani sai ya zama mini hujja. Aikinsa bai dawo ba, shekarunsa ba su dawo ba, ba ni da ikon biyan waɗannan. Abin da nake iyawa shi ne wanke sunansa. Da aka watse daga masallacin Tsibiri ranar nan, ashe malamin yana ciki, ya zo ya kama hannuna, ya ce Baba Malam, yanzu kam na yafe, duniya da lahira.