Harafin da Na Bari a Gida

Shekarar da aka hana hawa moto, wato babur, a Diffa, ita ce shekarar da na shiga makarantar manya. Gonar tattasaina tana bakin Komadugu, an ce kada kowa ya je. Motona da nake kabu-kabu da shi ya koma matattarar kaji. Sai na koma saƙar tabarmar kaba, sana'ar da na gudu na bar wa kakana.

Malaminmu ɗan gudun hijira ne daga tsallaken kogi, Inglishi ya iya, shi ya koya mana bayan la'asar a ƙarƙashin rumfa. Kusa da ni wani Bafillace ke zama, mai sayar da tumaki. Ni Babarbare ne, kun san tsakaninmu. Bai taɓa kirana da sunana ba, sai "bawana".

Da muka zo kan jelar da ake liƙa wa kalma, Malam ya ce kalmomi halinsu biyu ne idan baƙo ing ya zo. Mai e a ƙarshe, e ɗin kunya gare ta, sai ta fice: make ya zama making. Gajeriyar kalma kuwa, irin cut, tsoro take ji, sai harafin ƙarshe ya kira ɗan'uwansa su tsare ƙofa: cutting.

"Malam, ɗaya ba zai isa ba?" na tambaya.

"Alhaji, baba da babba ɗaya ne?"

Na ce a'a. Na ɗauka na gane.

Kwanakin nan labari ya zo cewa wata ƙungiyar agaji za ta sayi tabarmi da yawa don mutanen da aka tsugunar a bakin hanya, kuma mai sayen Inglishi yake ji. Wannan ciniki kaɗai zai kai gidana har damina. Na ce allo zan kafa, ya san a nan akwai mai ilimi. Tabarma dai mat ce, kuma na ga allon wanzami da na tela dukansu da ing suka ƙare. Na samo katako, na fara da manyan baƙaƙe. Kafin in kai tsakiya na ga wuri zai ƙure. Na ce t ɗaya jarumi ne, zai tsare ƙofa shi kaɗai. Na rubuta MATING.

Bafillacen ya zo ya daɗe yana kallo. Ya kwafa a tafin hannunsa, ya tafi. Daga baya na ji wurin Malam ya je, ya tambayi ma'ana, bai faɗi inda ya gani ba. Ya dawo ya ce, "Bawana, wallahi ka yi kai."

Ranar kasuwa na shimfiɗa tabarmina mafi kyau. Sai ga shi da tunkiya, ya ɗaure ta a ƙafar allon.

"Fillata, kwance dabbarka."

"Aiki na kawo. Nawa kake yi?"

"Yin me?"

"Abin da ka rubuta. Barbara. Babarbare mai barbara, ai sunan ma ya dace. Ina ragon, ko da kanka kake..."

"A'uzubillahi!"

Kasuwa ta ɗauka. Mai shayi ya ce a sa masa akuyarsa a layi. Ina cikin jan igiya da Bafillacen, farar mota ta iso. Ta rage gudu. Mai sayen ya sauke gilashi, ya karanta allon, ya dubi tunkiya, ya dube ni, ya sunkuyar da kai cikin ladabi. Motar ta wuce can ƙarshen layi, wurin wata tsohuwa da ba ta da allo ko kaɗan. A can aka loda tabarmi.

Da na waiwaya, tunkiya ta cinye bakin tabarmata ɗaya, ta kama ta biyu tana ci.

Malam bai yi faɗa ba. Washegari ya rubuta kalmomin biyu, mating da matting, a allo, ɗaya bisa ɗaya, ya ce in tashi in karanta wa aji. Ban ƙara mantawa ba. Har yau in na ga yaro ya rubuta harafi ɗaya a wurin biyu, tunkiyar nan nake tunawa.

Da tunkiyar ta haihu na je karɓar ɗan, tunda a ƙarƙashin allona aka fara maganar. Bafillacen ya ce na riga na goge allon, kamfani ya rushe. Ya dai aiko da buhun gero gidana, ya ce abincin bawa ne.

Abin da na rasa a shekarar: gona ɗaya, moto ɗaya, ciniki ɗaya, tabarma biyu, sunana na yanka a bakin ƴan kasuwa, da t ɗaya.