Noti mara haƙora

Injin 3D, mai ƙera abin da aka zana, ya gama, na ɗauko notin da na zana a kwamfuta, sai na ji shi sumul kamar alli. A allo haƙoransa sun fito tsaf. Ashe hoton ado na zaɓa, ban sassaƙa su da gaske ba. Na murɗa shi a jikin ƙusarsa, bai kama komai ba.

Ni kaɗai ne a ɗakin gwaji. 'Yan ajinmu sun shiga kasuwar Wudil, ba wanda ya ce in zo.

Sai Inna ta kira ni a waya. "Ka yi abokai kuwa?"

"Da yawa, Inna."

"To, da wa ka ci abinci yau?"

Na yi ta juya notin a hannu.

Ku fa, cikin masu gaishe ku, su wa ke kamawa in an murɗa?