Gyaran da Nake Yi a Ɓoye

Shekara shida ke nan ina riƙe da wata manhaja da ba ni na ƙirƙira ba, kuma wallahi na gaji. Ta canjin duti ce. Ma'aikacin kamfani in matarsa ta haihu, ko aka yi masa rasuwa a ƙauye, sai ya buɗe waya ya nemi wanda zai karɓar masa aikin ranar, shugaban sashe ya gani ya amince, shi ke nan, ba sai an bi mutum har gida ana roƙo ba. Da Hausa take, tana tafiya a ƙaramar waya, kuma ba mallakar kowa ba ce. Rubutunta a buɗe yake a intanet. Duk wanda ya iya zai duba, ya gyara, ya turo gyaransa, shugaban tafiyar ya tantance ya shigar.

Ni ne shugaban tafiyar, ba kuma zaɓena aka yi ba. Dattijon da ya fara ta, mai kula da kwamfutocin wata masaƙa a Bompai, ya yi ritaya zai koma garinsu, sai ya damƙa mini. Dalilinsa kawai shi ne ina aikin sito a wani kamfanin robobi a Sharada, na fi kowa zama gaban kwamfuta. Lokacin mu masu rubuta ta mun haura mutum goma. Duk Asabar bayan La'asar muna haɗuwa a bayan shagon wani mai gyaran fanka, benci biyu, kowa da kwamfutarsa a cinya, ana musu ana shan zoɓo.

A ƙa'idar irin wannan aiki, in mutum ya turo gyara, a fili ake duba shi. Shugaba zai rubuta a ƙasa: layi kaza ba daidai ba ne, ga dalili, koma ka sake. Kowa yana gani, har wanda ke wata ƙasa. To ni fa nan na kasa. Haba! Magidanci ya tashi daga duti ƙafarsa a kumbure, ya zauna ya yi mana aiki kyauta, sannan ni in rubuta a bainar jama'a cewa ya yi shirme? Wasu ma sun girme ni. Ba a haka aka raine mu ba, akwai kara. Sai na fito da hanyar da na ga ta fi mutunci. Duk wanda ya turo aiki, in rubuta masa, "Madalla, Allah ya saka da alheri," in shigar. Bayan kwana biyu in lallaɓa in cire inda ya kauce, in sake rubutawa da hannuna. In na fara kuwa ba na tsayawa, sai na sake abin gaba ɗaya yadda nake so. Har daɗi nake ji a raina, ina cewa ni dai a tafiyata ba a taɓa kunyata kowa ba.

Babu wanda ya yi fushi, babu wanda ya ce ya bari. Mu nan ai ba ma cewa haka. "In sha Allahu zan duba." "Wallahi duti ne ya yi yawa." Benci biyu ya koma ɗaya, mai shagon ya jibga matattun fankoki a kan ɗayan. Wata Asabar ni kaɗai na zauna har aka kira Magariba. Na yi mita kamar bakina zai tsage. Na zagi lalacin mutanen yanzu, na ɗora wa tsadar data laifi, na ɗora wa kamfanonin da suka rufe mutane suka watse. Akwai gaskiya a duk wannan, shi ya sa ban nemi wani dalili ba.

Masu amfani da manhajar kuwa ba su ragu ba, ƙaruwa ma suka yi. Ina tsakiyar karɓar kaya a sito waya za ta yi ƙara: "Malam, abin nan naku ya ƙi buɗewa, ga shi gobe suna." Bara likita ya auna ni ya ce hawan jini ne, in rage wa kaina kaya. Matata ta ce ko in sauke ko ta jefa kwamfutar a rijiya, kuma na san za ta aikata. Amma in na sauke babu mai ɗauka, manhajar za ta mutu ne daga ranar da wayoyi suka sake salo.

Mutum ɗaya na sa a rai. Wata mata ce mai aikin gwajin ruwa a wani kamfanin fata a Challawa, tana zaune a Panshekara da 'ya'yanta. Shekara uku ta fi kowa turo gyara kafin ita ma ta yi shiru. Na ɗauki izini a wurin aiki, na hau adaidaita, na tsaya a ƙofar kamfaninsu lokacin tashi, warin jima yana hawa mini kai. Da ta fito muka gaisa, ta tambayi iyali, na faɗa mata abin da ya kawo ni.

"Malam, ku yi haƙuri," ta ce. "Ba zan iya ba."

"Haba Malama! Wa ya fi ki a cikinmu?"

"Ni ma da haka na zata."

Ta gyara jakarta a kafaɗa. Ta ce wata rana abokiyar aikinta ta ƙaryata cewa tana cikin masu rubuta manhajar, sai ta buɗe shafin don ta nuna mata nata aikin. "Na duba na watan nan, babu layina ko ɗaya. Na duba na bara, babu. Kun gode mini, kun goge."

"Don kada in kunyata ki ne," na ce.

"Na sani. Amma shekara uku ina kuskure, har yau ban san ko wanne ne ba. In na karɓa, da me zan duba aikin wani?"

Ma'aikata suna ta wuce mu, wani har ya ɗaga mini hannu yana kirana mai manhaja. Kunya ta rufe ni, ga haushi, kuma ban san wa zan ji wa haushin ba. Da ƙyar na tambaye ta ko sauran ma sun lura.

"Duk mun gani, Malam, tun da daɗewa. Mun yi maganar a tsakaninmu." Ta ɗaga hannu ta tsayar da adaidaita, ta sa ƙafa ɗaya a ciki, sannan ta juyo. "Mun ce kada a faɗa muku, don kada ku ji kunya."