Mabuɗin da Laminu ya bari a hannuna

Shekara biyar ke nan da muka kai ƙanena Laminu makwancinsa, kuma a bana ne na fara jin tsoron muryarsa.

Mahaifinmu fatoma ne a nan Zinder. Fataken Kano da ke zuwa cin kasuwa a gidanmu suke sauka, kuma sau da yawa baƙo kan zo da nasa baƙon. Baba ba ya hanawa, amma yana da doka: baƙon baƙo iyakarsa zaure, kuma ba ya kwana sai mutum biyu sun ce sun san shi. Ni na gaji gidan da cinikin gyaɗa. Laminu kuwa lakwal, wato makarantar boko, ta ɗauke shi, ya dawo mana da kwamfuta, ya tare a ɗakin soro yana aiki da mutanen da bai taɓa gani ba.

Na sha tsokanarsa cewa zaman kashe wando yake yi da tabarau. Ran da ya gaji sai ya ce, "Yaya, ai sana'ar Baba nake yi. Kwamfuta ce ke saukar da wata kwamfuta a cikinta kamar baƙuwa, ita ma baƙuwar ta saukar da tata. Aikinmu mu tabbata ta can ciki ba ta leƙa ɗakin mai gida ba." Mutane ne warwatse a duniya ke haɗa wannan manhaja kyauta, kowa na iya karanta ta, kowa na iya kawo gyara. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, shi ne mai haɗa hannuwan: ya raba aiki, ya sasanta masu gardama, ya ce wa wannan jira, ya ce wa wancan sake. Kuma ba gyaran da ke shiga sai mutum biyu sun duba shi a idon jama'a, ko da nasa ne. In kuran ya ɗauke, gida ba lantarki, sai ya rungumi na'urarsa ya nufi unguwar Kara-Kara, shagon Hadiza tsohuwar ɗalibarsa mai wutar sola, don kada ya bar wani yana jiran amsa.

Akwai wani ɗan ƙarfe da yake ratayawa a wuya, bai kai ɗan yatsa ba. Inna, mahaifiyarmu, ta ɗauka laya ce. Mabuɗi ne. Da shi yake buga hatimi a kan kowane sabon zubi na manhajar, na'urori su gane daga hannun amana ya fito, su karɓa ba tambaya. Da ciwon hanta ya kwantar da shi, ya cire ya danƙa mini, ya raɗa mini lambobin buɗe shi, ya ce, "Riƙe mini har na tashi." Bai tashi ba.

Bayan sadakar arba'in wani mutum ya kira ni a salula, ya ce abokin aikin Laminu ne. Hausarsa tsaf, gaisuwarsa ta fi ta dangi. Tun daga nan duk watan rasuwar sai ya kira, ya tambayi Inna da ciwon ƙafarta, can a ƙarshe ya ɗan taɓo zancen mabuɗi kamar wanda ya tuna a bakin ƙofa. Ban taɓa ganin fuskarsa ba, lambarsa kuma ba ta zama ɗaya. Na kai wa Hadiza maganar. Ta ce abokan aikin sun yi sabon mabuɗi tuntuni, amma tsofaffin na'urorin da ba a sabunta ba, a asibitoci da ofisoshi, har yanzu hatimin Laminu suke amincewa da shi, kuma duk wanda ya samu mabuɗin zai iya tura musu guba da sunan magani. Ta ce in lalata shi. Na kasa, domin shi ne abu na ƙarshe da hannunsa ya sa a nawa.

Bana mutumin bai tsaya gaisuwa ba. Saƙon murya ya turo, wai Laminu ya naɗa kafin ya rasu. Na kunna a tsakar gida, Inna na zaune tana tsinkar zogale. Sai ga ɗan gyaran muryar nan da ƙanena ke yi kafin ya yi magana, sannan: "Yaya, ni ne. In ka ji wannan, ka ba shi mabuɗin da lambobin. Kada ka gaya wa kowa." Farantin Inna ya faɗi. Ni kuwa na zauna a ƙasa.

Gaba kura, baya sayaki. In wasiyya ce na ƙi cikawa, da wane ido zan dube shi gobe kiyama? In kuma ƙarya ce na bayar, ni na buɗe wa ɓarawo ƙofar marasa lafiyar da ban san su ba, da sunan ɗan'uwana. Hadiza ta ce yanzu na'ura na iya kwaikwayon muryar mutum daga tsofaffin jawabansa, amma ba za ta rantse a kan wannan ba. Na yi kwanaki ina juya maganar.

Maganar ƙarshen saƙon ce ta tsayar da ni. Mutumin da ko nasa gyaran sai ya shimfiɗa a gaban jama'a, shi ne zai ce kada in gaya wa kowa? Da mai saƙon ya sake kira, na ce ya kawo mutum biyu daga abokan aikin Laminu su shaida a fili, zan bayar. Ya kashe waya, bai ƙara nemana ba. Ruwa ba ya tsami banza. Ranar na saka mabuɗin a turmin Inna na daka shi, ina daka ina neman gafarar mai shi.

Nakan tambayi kaina me Laminu zai ce da ya ga wannan zamani. Ya ƙare ƙuruciyarsa yana tsare ƙofa kada baƙon baƙo ya wuce zaure, ga shi yau baƙon na sallama da muryar ɗan gida. Ina jin ba zai yi dogon surutu ba, zai tambaya ne kawai su wa suka duba. Hadiza ta ce wannan doka tasa tana nan, waɗanda ba su san ko sunan garinmu ba suna bin ta. Ita ce ta rage. Muryar da na ɗauka ba abin da ya kai ta zama tasa, ashe kowa na iya ara.

Saƙon dai ban goge ba. Duk yamma Inna kan ce, "Kunna mini Laminu." Na gaya mata ba shi ba ne. Ta ce, "Na sani, ai ni na haife shi. Kunna." Nakan kunna in kau da kai. Kuma har yau, duk sa'ad da ya ce "Yaya, ni ne," sai in ji bakina ya buɗe zai amsa.