Kujera Biyu a Ƙarƙashin Baranda

Jiya da hantsi ina shanya, sai na ji ana buga guduma a jikin gora a ginin da ake yi bayan gidanmu, nan Gwarinpa. Dole na ajiye bokitin na nemi wuri na zauna. Shekara kusan talatin ke nan, amma har yau ban manta wannan ƙarar ba. Bari in gaya muku dalili.

Ina 'yar shekara tara lokacin, unguwar nan rabinta ciyawa ce da jar ƙasa. Babana birkila ne, mutumin Zariya, shi ne shugaban magina a wani gida mai bene. A bacar kwano muke zaune gefen aikin. Inna tana dafa wa leburori shinkafa da wake.

Wanda ya zana gidan wani tsohon Bature ne ɗan Ingila, dogo, ya ɗan ranƙwafa, kullum da fensir a bayan kunne. Yana jin Hausa, sai dai mace ya ce mata "kai", namiji ya ce masa "ke". Yakan zauna a bencin Inna ya ci abinci da cokalin da yake yawo da shi a aljihu, a nan na tsinci labarinsa. Ya ce garinsu ƙarami ne, ko Tungan Maje bai kai ba. Shekara talatin ya yi yana zana musu makaranta, da ɗakin shan magani, da shagon mai burodi, bai taɓa gina abin da aka sa a jarida ba. Da matarsa ta rasu ya naɗe takardunsa ya taho. Ya ce a can, in rufin da ka zana ya yi yoyo, a kasuwa mai gidan zai tare ka, gaban kowa.

Daga can ya taho da wata al'ada. Ranar da za a cire gorar da ta tokare dekin, wato rufin kankare, sai ya sa a ajiye kujera biyu a ƙarƙashi, ɗaya tasa, ɗaya ta shugaban magina. Su zauna suna shan shayi har a fidda gora ta ƙarshe.

Gidan da su Baba ke ginawa yana da baranda mai faɗi, ta fito waje ba ginshiƙi ko ɗaya, bango kawai ke riƙe da ita. Irin wannan a sama ake ɗaura rodinta, wato ƙarfen cikin kankare, ba a ƙasa ba yadda aka saba. Bature ya duba ya ga an ɗaura daidai, sai zazzaɓi ya kwantar da shi ranar zuba kankare. Hadari ya taso, leburori suna gudu da kwanon sarki a ka, suka tattake rodin nan ya kwanta ƙasa. Baba ya gani da idonsa. Ya ce a ci gaba, ai duk dekin da ya taɓa yi rodinsa a ƙasa yake. Sai da Bature ya warke yana yaba aikin, ya ce da rodin a ƙasa yake, barandar za ta ɓalle daga bango kamar biskit, sannan Baba ya gane kuskurensa.

Wata la'asar ina wanke-wanke a bayan baca na ji Baba yana gaya wa Inna zancen rodin.

"Ka faɗa masa mana, Malam," in ji Inna.

"In ce masa me? In ce na gani na yi shiru? Wa zai ƙara ba ni aiki a garin nan? Allah zai tsare."

Daga ranar na sa ido a kan barandar nan. Kullum da safe ina kallon Baba yana ba dekin ruwa, ina lissafa kwanakin da suka rage masa. Ban gaya wa kowa ba. Tsoro nake ji, irin wanda ke sa yaro ya kasa ko kuka.

Ranar ta zo, wata Asabar bayan an yi ruwa, ƙasa tana ƙanshi. Aka ajiye kujeru, suka zauna. Kafinta ya ɗaga guduma. Gora ta farko ta faɗi, ta biyu ta biyo. Inna tana tsaye da ludayi a hannu, leɓenta kawai ke motsi. A ta biyar na ga garin siminti ya zubo kan kafaɗar Baba. Wallahi ba jarumta ba ce, ƙafata ce ta ɗauke ni. Na ruga na shiga ƙarƙashin barandar na ƙanƙame gwiwarsa.

"Ke, fita daga nan!" in ji Baba.

Na ƙi. Bature ya yi dariya ya ce, "Bar shi ya zauna. Ai gininki ne."

Baba ya ɗora hannu a kaina. Ya ce wa kafinta ya dakata. Sannan ya juya wajen Bature. "Ranka ya daɗe, tashi mu fita. Rodin yana ƙasa."

Bature ya ajiye kofinsa, muka fita. Ya sa aka ɗaura igiya a sauran gorar, aka ja daga nesa. Barandar ta yi wani irin nishi, ta tsage daga jikin bango, ta rufto. Ko ƙafar kujera ɗaya ba a samu ba. Inna ta zube a ƙasa tana salati.

Da ƙura ta lafa, Bature ya dubi Baba. "Da yarinya bai shigo ba, da kin bar ni a ciki?"

Baba ya sunkuyar da kai. "Da na bar mu mu biyu."

Bai kore shi ba. Tare suka sake gina barandar, tare suka zauna a ƙarƙashinta. Amma bai ƙara zama a bencin Inna ba, kuma shekara na zagayowa ya koma garinsu. Baba kuwa har ƙarfinsa ya ƙare, duk dekin da ya zuba shi kaɗai yake jan kujera ya zauna, matasan magina suna masa dariya.

Yanzu unguwar ta cika da benaye, ana tayar da gida cikin wata uku. Gidan da nake haya ban san wa ya zana shi ba. Ranar da na kama, na tambayi dillali wa ya zauna a ƙarƙashi da aka cire gora, ya dube ni kamar wadda ta zautu. Akwai baranda a saman ƙofarmu, ba ta da ginshiƙi. 'Ya'yana suna son inuwarta, ni kuma kullum ina korarsu daga wurin, suna cewa Mama ta cika faɗa.